Manhajojin fassara da Hausar Gadarif

Tun 2013 Google Translate ke fassara Hausa, amma wace Hausa? Irin waɗannan manhajoji rubutu ake ɗura musu jingim, su tsinci ƙa'idar harshe a ciki. Rubutun Hausa da ke intanet kuwa galibinsa na boko ne, da daidaitacciyar Hausa irin ta BBC da Muryar Amurka. Ko tarin MasakhaNER da ƙungiyar Masakhane ta fitar a 2021, daga labaran Muryar Amurka aka ɗebo Hausarsa.

A nan aka bar Gadarif a baya. Hausawan wannan yanki na gabashin Sudan, jikokin mahajjata da masu hijira bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, da Larabci suke karatu. Manomin riɗi a can yakan cuɗanya zancensa da Larabcin Sudan, kuma tura saƙon murya a WhatsApp ya fi masa sauƙi a kan rubutu. Da wuya idan na'ura ta taɓa jin irin wannan Hausa.

Shirin Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin Hausa daga masu sa kai. Masu bincike na Kano da Zariya, ku jawo 'yan Gadarif cikin aikin tun daga tattara muryoyi.