Amfani da Igiyoyin Rediyo Wajen Tsare Ƙwayoyi Masu Ƙarfi a Cikin Filasma

Abin da muke so mu duba a wannan takarda shi ne wata matsala guda da ta daɗe tana ci wa masana kimiyyar haɗewar ƙwayoyin zarra tuwo a ƙwarya. Idan aka zafafa diyutiriyam da tiritiyam, wato nau'o'i biyu na haidirojin, har suka wuce digiri miliyan 100, sai su zama filasma, su riƙa haɗewa. Kowace haɗewa takan haifi nutiron ɗaya da ƙwayar hiliyam ɗaya, wadda ake kira alfa. Nutiron yakan fice da mafi yawan makamashin, ita kuwa alfa takan riƙe kashi ɗaya cikin biyar. Wannan kason shi ake so ya zauna a ciki ya ci gaba da hura wutar. In ya zube, wuta ta mutu.

Na'urar da aka fi yin wannan aiki da ita ita ce tokamak, mai siffar gammo, inda maganaɗisu ke riƙe filasma don kada ta taɓa bango. To, layukan maganaɗisun nan suna da halin tsarkiyar garaya: in an taɓa su sai su yi karkarwa. Hannes Alfvén, mutumin Suwidin, shi ya fara bayyana wannan igiya a 1942, aka kuma ba shi lambar Nobel a 1970. Ita alfa ana haihuwarta da gudun kimanin kilomita 13,000 a daƙiƙa, kuma yayin da take rage gudu sai ta zo daidai da gudun igiyar. A nan ne take tura ta, kamar yadda yaro ke tura lilo a kan kari. Igiya ta ƙasaita, sa'an nan ta juyo ta watsa ƙwayoyin waje tun ba su sauke zafinsu ba.

Wannan ba zato ba ne. A farkon shekarun 1990, a na'urar DIII-D da ke San Diyego a Amurka, an ga irin wannan karkarwa ta kori kaso mai yawa na ƙwayoyi masu ƙarfi da aka harba don zafafa filasma. A na'urar TFTR ta Firinsiton kuwa, ƙwayoyin da suka kuɓuce har bangon tukunyar suka yi wa lahani.

Ina rediyo ya shigo? Su ilaktaron suna kewaya layin maganaɗisu da saurin da ya dogara ga ƙarfinsa, wato kimanin gigahaz 28 a kowane tesla. Tun da ƙarfin maganaɗisu yana raguwa daga cikin gammon zuwa wajensa, igiyar rediyo mai mita ɗaya ba ta sauke makamashinta sai a wurin da ta yi daidai da kewayen ilaktaron, faɗin 'yan santimita kaɗan. Ke nan ana iya auna wuri. A 2008 masu bincike a DIII-D suka ba da rahoton cewa da suka auna igiya mai gigahaz 110 kusa da mazaunin wani nau'in karkarwar, sai ta lafa ƙwarai. Daga baya an yi gwaje-gwaje makamantan wannan a ASDEX Upgrade ta Jamus da KSTAR ta Koriya ta Kudu, inda aka yi amfani da igiyar wajen tura lantarki a cikin filasma, don a sauya murɗewar layukan maganaɗisu a hana karkarwar wurin zama.

Amma fa a ganinmu bai kamata a ɗauki abin kamar an gama ba. Igiyar da ke warkarwa ita ce kuma ke iya tsananta ciwon. Idan ilaktaron suka yi zafi, ƙwayoyi masu ƙarfi sukan daɗe ba su rage gudu ba, sai su taru su ƙara tura igiyar. Lahanin TFTR ma da muka ambata, ƙwayoyin da wata irin igiyar rediyo ta hanzarta ne suka jawo shi.

Na'urar ITER da ake ginawa a Kadarash, kudancin Faransa, za ta yi amfani da igiyoyi masu gigahaz 170. A can ne ake sa ran alfa za su zama babban tushen zafin filasma, kuma aikin saita madubin da ke auna igiyar zai koma hannun kwamfuta, domin karkarwar takan tashi cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba.