Mahmoud Bukar Maina da Binciken Hanyoyin Saƙo a Ƙwaƙwalwa

Dokta Mahmoud Bukar Maina, ɗan asalin Nguru a Jihar Yobe, yana cikin 'yan Arewa ƙalilan da suka yi suna a ilimin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ya karanta ilimin sassan jikin ɗan Adam a Jami'ar Maiduguri, ya kammala a 2007, ya koyar a Jami'ar Jihar Gombe, sannan a 2011 ya tafi Jami'ar Sussex da ke Ingila. A can ya yi digiri na biyu, ya ɗora da na uku a ɗakin binciken Farfesa Louise Serpell, ya gama a 2017. Abin da ya sa a gaba shi ne gano yadda cutar Alzheimer, babbar mai haddasa gigin tsufa, take lalata hanyoyin da saƙo ke bi a cikin kai.

Ƙwaƙwalwar mutum tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Kowace ƙwaya tana da rassa masu karɓar saƙo da wani dogon zare guda mai aika shi gaba. A jikin zaren saƙo yana tafiya ne da lantarki, wani lokaci da saurin da ya wuce mita 100 a daƙiƙa ɗaya. Amma ƙwayoyin ba a manne suke da juna ba. Tsakanin wata da wata akwai ɗan siririn giɓi da ake kira mahaɗa, kuma a nan lantarki ke tsayawa, ƙwaya ta fitar da sinadari ya tsallake zuwa ta gaba. Masanin ƙasar Sifen, Santiago Ramón y Cajal, shi ya tsaya kai da fata a kan cewa kowace ƙwaya zaman kanta take yi, aka ba shi lambar Nobel a 1906, shekarar da likitan Jamus Alois Alzheimer ya fara bayyana cutar da ta ci sunansa.

Ƙwayoyin da ke miƙa wa juna saƙo domin aiki guda su ne ake kira da'irar jijiyoyi. Ɗaya daga cikin mafi sauƙinsu ita ce wadda ke aiki idan manomi ya taka ƙaya: saƙo ya tashi daga tafin ƙafa ya shiga laka, laka ta umarci tsoka, ƙafa ta ɗage tun kafin mai ita ya san me ya taka. Tunawa da gane fuska da sanin hanya duk aikin da'irori ne irin wannan, sai dai sun fi ta sarƙaƙiya nesa ba kusa ba. Tsutsar da aka fara zana dukkan mahaɗanta a 1986 ƙwayoyin jijiya 302 kacal gare ta. Sai a 2024 aka kammala taswirar ƙwaƙwalwar ɗan ƙudan nan da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro, mai ƙwayoyi kusan 140,000 da mahaɗai fiye da miliyan 50.

Manoman Funtua da Bakori da Ƙafur da Malumfashi suna ta'ammali da mahaɗa kowace damina, ko da ba su san sunanta ba. Yawancin magungunan ƙwari da ake fesa wa auduga da wake da masara jijiyar ƙwaro suke kai wa hari. Fiya-fiya da danginsa, misali, suna toshe wani sinadari wanda aikinsa share asitilkolin, sinadarin da ke tsallakar da saƙo, daga mahaɗa bayan an isar da saƙo. Idan ba a share ba, saƙo ya yi ta maimaituwa babu tsayawa, ƙwaro ya yi ta karkarwa har ya mutu. Mahaɗar mutum da wannan asitilkolin ɗin take aiki. Shi ya sa wanda ya yi feshi iska na kaɗo masa, ko ya dama magani da hannu, yakan kamu da dalalar yawu da zufa da murɗar ciki, ƙwayar idonsa ta tsuke, idan abin ya yi tsanani numfashi ya gagara. Asibiti ne maganinsa, da allurar atirofin. Madara da manja da ake ɗura wa mutum ba sa warware komai a mahaɗa. Abin lura shi ne donefezil, maganin da ake bai wa masu cutar Alzheimer, wannan sinadari mai share asitilkolin dai yake rage wa ƙarfi, amma a hankali kuma bisa awo, domin ɗan asitilkolin da ya saura a ƙwaƙwalwar tsoho ya daɗe yana aiki. Sauƙi yake kawowa na wani lokaci, ba ya tsayar da cutar.

Furotin iri biyu ne ke taruwa a ƙwaƙwalwar mai wannan cuta: amiloyid a wajen ƙwayoyi, da tau a cikinsu. A lafiyayyen mutum tau yana riƙe da ƙananan bututun da kayan abinci da sinadarai ke bi a cikin zaren jijiya, kamar katakon da ke riƙe da layin dogo. Idan ya lalace sai ya saki bututun ya cukurkuɗe, kaya su daina isa mahaɗa, mahaɗa ta mutu, ƙwaya ta bi bayanta. Ɓarnar takan fara ne a gefen hifokamfus, sashen da ke ajiye sabon abu, wanda kuma a cikinsa John O'Keefe ya gano a 1971 cewa akwai ƙwayoyi masu nuna wa dabba wurin da take. Wannan ne dalilin da dattijo zai iya lissafa farashin auduga na zamanin En'e daki-daki, amma ya manta ya ci abincin rana, ko ya ɓata tsakanin masallaci da gidan da ya shekara hamsin a ciki. A karkara ana yawan danganta haka da sammu ko iska, tsohuwa kuma wani lokaci har a jefe ta da maita. Ba kowane gigi ne Alzheimer ba. Hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ma suna yanke hanyoyin saƙo, kuma wannan ɓangaren ana iya rage shi da awon jini da shan magani.

Gudummawar Maina tana kan tau. An daɗe ana kallonsa a matsayin furotin na zaren jijiya kawai. Aikin da ya wallafa tare da abokan bincikensa a 2018 ya nuna tau yana zaune kuma a can tsakiyar ƙwaya, a wurin da ake ƙera injinan da ke haɗa furotin, yana da hannu wajen daidaita wannan aiki, kuma yakan kauce daga mazauninsa idan ƙwaya ta shiga matsi. Ma'anarsa ita ce lalacewar tau tana iya taɓa ƙwaya tun daga inda take samar da kayan gyaran kanta, kuma duk mai neman maganin da zai kawar da tau dole ya yi lissafi da wannan aiki nasa na biyu.

Ɗaya rabin aikinsa ya shafi inda ake yin binciken. Da shi aka gina sashen wayar da kai na ƙungiyar TReND in Africa, wadda Tom Baden da Lucia Prieto-Godino, dukansu masu nazarin da'irorin jijiya, suke cikin waɗanda suka kafa, mai koya wa malaman jami'o'in Afirka bincike da ƙuda da kayan aiki masu araha. A 2021 ya jagoranci wani nazari a mujallar Nature Communications da ya bi diddigin binciken ƙwaƙwalwa a Afirka na shekara ashirin. Ƙasashe biyar, wato Masar da Afirka ta Kudu da Najeriya da Maroko da Tunisiya, su ne ke da fiye da kashi uku cikin huɗu na abin da aka wallafa, kuma kuɗin aikin a yawancin yankuna daga waje suke zuwa. A Najeriya ƙarfin bincike ya karkata ga gwada tsirran magani a kan ɓeraye, aiki mai amfani, amma wanda sau da yawa ke tsayawa a rabin hanya saboda rashin na'urar da za ta nuna abin da maganin ya yi a cikin ƙwaya.

A 2021 ɗin ce kuma aka buɗe cibiyar bincike da horarwa ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, da goyon bayan gwamnatin jihar, Maina na jagorantarta. Kudancin Katsina ya taɓa ganin irin haka: a shekarun 1970 masana daga Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool sun zauna a Malumfashi suna nazarin zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da sarar maciji a ƙauyuka. Bambancin shi ne na Damaturu ɗan ƙasa ne ya kafa shi, kuma ba aikin 'yan shekaru ba ne.

Babban abin da cibiyar ta sa hannu a kai shi ne mayar da ƙwayoyin fata ko na jini na 'yan Najeriya zuwa ƙwayoyin asali, waɗanda daga su ake iya renon ƙwayoyin jijiya a cikin faranti. Yawancin irin waɗannan ƙwayoyi da ke ɗakunan binciken duniya daga Turawa aka samo su, alhali gado yana sauya yadda cutar ke kama mutum. Binciken haɗin gwiwa tsakanin Ibadan da Indiyanafolis, wanda aka fara a 1992, ya nuna cutar ba ta kama Yarabawan Ibadan kamar yadda take kama baƙaƙen fatar Amurka, kuma ƙwayar gadon APOE4, wadda ke ninka haɗarin cutar ga Turawa, tasirinta ya yi rauni a tsakaninsu. Ƙwayoyin jijiya da aka rena daga mutanen Arewa su ne za su ba da damar a gwada wannan tambaya a kan Kanuri da Hausawa da Fulani, a kuma auna magani a kansu kafin ya kai ga majinyaci.