Tsaki Kaɗai Ba Ya Raya 'Yan Tsakin Inji

Tun zamanin da fataucin goro da hanyar jirgin ƙasa suka jawo Hausawa suka kafa zango a Agege, ba a raba gidajenmu da kiwo ba, ko da kuwa akurki ɗaya ne a bayan ɗaki. Sai dai kiwon ya sake kama, domin a yau mafi yawan abin da matan aure da samari ke saye 'yan tsakin inji ne 'yan kwana ɗaya, waɗanda ake ɗorowa a mota cikin kwali daga gidajen ƙyanƙyasa na wajen Ibadan. Daga watan Mayu na 2023, da aka janye tallafin man fetur, masara da waken suya da kuɗin mota suka yi tashin gwauron zabo, buhun abincin kaji na kamfani ya bi su, har ya zamana duk inda masu kiwo suka haɗu sai ka ji wani ya ce: "Ni fa tsaki zan ba su, kakanninmu da me suka yi kiwo?"

Tambayar tana da hujja a bayanta, amma ƙiyasi ne da aka yi shi ba a kan daidai ba. Kazar Hausa a ƙauyen Katsina ko Maraɗi, idan ta ƙyanƙyashe, tsakin gero da uwar gida ke watsa mata ƙari ne kawai, alhali ainihin abincin yana cikin tonon da take yi tun hantsi har la'asar, tana kiran 'ya'yanta ga gara da tana da ƙananan fari da ɗanyen haki, kuma daga waɗannan ƙwari ne suke samun abin da ke gina tsoka da gashi. To, ɗan tsakon da aka kulle cikin kwali a tsakar gidan haya mai daɓen siminti, ba uwa, ba juji, ba gara, ba shi da wani arziki face abin da hannun mai shi ya zuba masa. Malaman fiƙihu na Malikiyya sun wajabta wa mai dabba ciyar da ita muddin ba ta da makiyaya, kuma kowa ya san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Wanda ya tsare rai, nafaƙarsa ta hau kansa.

Ɗan tsakon kajin nama yana fitowa daga ƙwai da nauyin giram 40 ko kusa da haka, kuma idan ya samu abin da ya kamata yakan ninka wannan nauyi sau huɗu cikin mako guda, abin da ba zai yiwu ba sai abincinsa ya ƙunshi sinadarin gina jiki, wato furotin, kimanin kashi 20 zuwa 22 cikin ɗari. Masara kuwa kashi 9 ne take da shi, gero ya ɗan fi ta kaɗan, jar dawa kuma tana da wani ɗaci da ke rage amfanin abin da aka ci. Saboda haka mai ba da tsaki zalla yana cika wa ɗan tsako ciki ne yana barinsa da yunwa, kuma alamar ba ta ɓuya: bayan kwana goma za ka ga gashin fukafuki ya yi tsawo ya zarce jiki yana jan ƙasa, ƙirji ya zama ƙashi tsinin wuƙa, suna cuɗewa a lungu suna tsattsagar juna, daga nan sai a fara tsintar gawa da asuba a ce sanyi ne ko kambun baka.

Wannan ba ya nufin haɗin gida haramun ne, ko kuwa kamfani yana da wani sirri da ya gagari talaka. Abin da ke cikin buhu masara ce da waken suya da ƙashi da gishiri da 'yan sinadarai, kuma mai haƙuri yana iya haɗa kwatankwacinsa. A kilo goma, a sa masara kilo shida, waken suya kilo uku, garin busasshen kifi rabin kilo, dusar alkama rabin kilo; a ƙara garin ƙonannen ƙashi kamar giram 200, wanda samunsa ba wuya ga mai zama kusa da mahautar Oko-Oba, da gishiri giram 30, da garin bitamin da masu sayar da maganin dabbobi ke kira firimis giram 25. A kai inji a ɓarza shi daidai bakin ɗan tsako, kada ya yi laushin garin tuwo, domin gari mai laushi yana danƙare musu a baki.

Sharuɗɗan ne ke da wuya, kuma a nan ne akasarin mutane ke faɗuwa. Ɗanyen waken suya yana ɗauke da wani abu da ke hana hanji narkar da furotin, don haka wajibi ne a soya shi a kasko har ya yi ƙamshi ya sauya launi kaɗan, ba tare da ya ƙone ba. Ƙuli-ƙuli yana iya maye gurbin wani kaso na waken, amma na kasuwa an yi shi ne don bakin mutum, da gishiri, wani ma da yaji, gishiri kuwa idan ya yi yawa kashe ɗan tsako yake yi. Mafi hatsari duka shi ne fumfuna. A shekarar 1960 talo-talo kimanin dubu ɗari suka mutu a Ingila, da aka bincika sai aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka kawo daga Barazil ta yi fumfuna, kuma daga wannan waƙi'a ne masana suka gano dafin da ake kira afalatoksin, mai lalata hanta. Masarar da ta baro kasuwar Dawanau a bushe ƙayau, idan ta kwana biyu a ɗakin Ikko cikin damina, inda ko takalmi ka ajiye sai ya yi fumfuna, ba ita ce masarar da aka auna a Kano ba. Saboda haka kada a haɗa abin da ya wuce na mako ɗaya ko biyu, kada a ajiye buhu a ƙasa, kuma duk hatsin da ya canja wari a zubar da shi, kada a ce ai kaji ne.

Akwai kuma masu ɗebo abincin kajin ƙwai su ba 'yan tsaki don shi ne ke gida. Wannan kuskure ne, domin an cika shi da sinadarin ƙashi saboda ɓawon ƙwai, kuma yana illata ƙodar ƙaramin tsako. Haka nan galibin abincin farko na kamfani akan sa masa maganin cutar nan mai sa kashin jini, haɗin gida kuwa ba shi da shi, sai mai kiwo ya kula da bushewar shimfiɗa ya kuma nemi shawarar likitan dabbobi. Allurar rigakafi da ɗumin makon farko ba abinci ne ke ɗauke su ba, ko na wane ne.

Idan 'yan tsaki suka iso da dare ba a tanadi kome ba, kada a firgita, domin ragowar gwaiduwar da ke cikinsu tana riƙe su kwana biyu zuwa uku daga ranar ƙyanƙyasa. A fara ba su ruwa mai tsabta a mazubi marar zurfi, sa'an nan dafaffen ƙwai da aka murmushe da ɗan tsaki ya isa ya kai su safiya.

Abin da nake gani shi ne a yi lissafi kafin a yi rowa. Buhu ɗaya mai kilo 25 yana ciyar da 'yan tsakin nama hamsin kusan mako biyu, kuma waɗannan makonni biyu su ne ke yanke hukuncin yadda kaza za ta kasance ranar sayarwa. Mai 'yan tsakin inji ya daure ya sayi wannan buhu guda, daga mako na uku ya riƙa cuɗa shi da haɗin gida sannu a hankali har ya sauya gaba ɗaya. Mai kazar Hausa da ke yawo da 'ya'yanta kuwa, haɗin gida ya wadatar da shi tun ranar farko. Wanda kuɗinsa bai kai na 'yan tsaki hamsin da buhunsu ba, ya sayi ashirin da biyar.