Kan Jirgin Farko

A wuraren shaƙatawa da yawa na Ingila akwai siririn layin dogo da aka ɗora bisa ginshiƙai. Ranar Lahadi za ka tarar da dattijo zaune a kan ɗan tarago, yana zuba kwal da ɗan shebur cikin murhun wani ƙaramin kan jirgi, yara biyar ko shida kuma na bayansa ana jan su. Babu batir a ciki, babu fetur. Wuta ce ta gaske da ruwa da tururi, kuma sau da yawa mai tuƙin shi ya ƙera kowane ɓangare da hannunsa, a ɗan ɗakin aiki da ke bayan gidansa.

Sana'ar tana da tarihi. Mujallarta, Model Engineer, Percival Marshall ya kafa ta a 1898. Amma wanda ya kai aikin hannun talaka shi ne Lillian Lawrence, namiji ne duk da sunan, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ke rubutu da laƙabin LBSC. A shekarun 1920 manyan masu harkar sun dage cewa ƙaramin kan jirgi ba zai yi aiki da kwal yadda babba ke yi ba. Sai ya ƙera Ayesha, mai gudu a dogon da faɗinsa inci biyu da rabi ne kacal, ya hura mata kwal, ta ja mutum sukutum. Kafin rasuwarsa a 1967 ya bar zane sama da ɗari, da bayanin da mai ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe zai iya bi.

Yawan zanen nan ne ke rikita sabon shiga. Wanne zai ɗauka, alhali aikin zai ci shekaru?

Hankali yakan fara zuwa ga ɗaya daga cikin mafi ƙanƙanta, wato Tich, zanen LBSC mai ƙafa huɗu a dogon inci uku da rabi. Kayansa da araha, mutum ɗaya zai ɗauke shi, kuma an yi littafinsa don mai koyo. Amma ni ban ga dacewar a miƙa wa sabon hannu Tich ba. Ƙanƙanta ba sauƙi ba ne a nan. Kuskuren da babban fistin zai haɗiye, ƙarami ba zai yafe ba, domin tururin da ke tsiyaya ta ɗan gibi babban kaso ne na abin da tukunyar ke samarwa. Murhunsa kuma ɗan mitsitsi ne, wutar ba ta da ajiyar zafi: ka yi jinkirin zuba kwal ta mutu, ka cika shi ta shaƙe, ka tura ruwan sanyi cikin tukunya ƙarfin tururi ya faɗi nan take. Gwanaye na tuƙa Tich su ji daɗi. Wanda bai taɓa riƙe shebur ba yana iya zaton ƙirarsa ce ta ɓaci, gwiwarsa ta yi sanyi, alhali wutar ce bai ƙware da ita ba tukuna.

Shi ya sa da yawa ke matsawa zuwa zanen da ya ɗan fi girma, kamar Juliet, ko Rob Roy mai ƙafa shida na Martin Evans, ko su haura dogon inci biyar. A nan akwai Simplex, shi ma na Evans, da Sweet Pea na Jack Buckler, wanda ya kwaikwayi ƙananan jiragen masana'antu, don haka sassansa manya ne, tukunyarsa ba ta da wuyar haɗi, tsarin bawul ɗinsa kuma mai sauƙi ne. Farashin wannan sauƙi nauyi ne. Kan jirgin inci biyar yakan kai buhun siminti ko ya fi, kuma dole a riƙa sauke shi daga tebur zuwa mota, daga mota zuwa dogo. Sai kuma injin sassaƙa: ƙafar jirgin da ta fi abin da injinka zai iya juyawa ta riga ta yanke maka hukunci. Ba banza ba zanuka da yawa suka dace da Myford ML7, injin da ya fito a 1946 ya cika ɗakunan aikin Birtaniya.

Akwai abin da ake mantawa: ina za a tuƙa shi? A Ingila ƙungiyoyin masu wannan sana'a na shimfiɗa dogon inci uku da rabi, biyar, da bakwai da kwata. A yawancin Amurka bakwai da rabi ne. Bambancin kwata ɗaya tak ya isa ya hana jirginka hawa dogon ƙungiyar garinku. Kuma ƙungiyar ce ke da mai duba tukunya. Tukunyar jan ƙarfe da aka liƙe da dalmar azurfa sai an cika ta da ruwa an matsa har ninki biyu na ƙarfin da za ta yi aiki da shi, sannan a gwada ta da wuta, kafin a ba da takardar izinin ɗaukar jama'a. Zanen da mai dubawa ya sani, wanda ɗaruruwa suka ƙera aka gano kurakuransa, ya fi sabon tunaninka samun shiga.

Wanda ke nesa da masu sayar da zubin ƙarfe yana da wata ƙofa. Kozo Hiraoka, injiniya ɗan Japan, ya rubuta littafi a kan ƙera kan jirgin Pennsylvania A3, inda ake haɗa kusan komai daga sandar ƙarfe da faranti. Tsarin koyarwarsa ya burge ni ƙwarai: yana farawa da taragon kwal da ruwa, inda kuskure ba shi da tsada, sai hannu ya faɗa sannan a taɓa silinda. A kowane zane, ana fara gwada ƙasan jirgin da iskar famfo, a ga ƙafafu na juyawa gaba da baya, kafin a kashe kuɗin jan ƙarfen tukunya.