Kalmar "Aminiya": Asalinta da Ma'anarta a Zamantakewar Matan Hausawa

Wannan maƙala za ta dubi kalmar aminiya, domin a yau ana yawan cakuɗa ta da ƙawa da abokiya, alhali kuwa kowace da muhallinta.

Hausa ta aro kalmar daga Larabci, daga tushen da ya haifar da amana, aminci, imani da mumini. Daga nan ne kuma sunayen Aminu da Amina suka fito. Namiji amini ne, mace aminiya, jam'i kuwa aminai. Watau tun daga asali kalmar tana ɗauke da ma'anar wadda aka amince mata.

Abokiya ita ce mafi faɗi, shi ya sa take bukatar ƙarin bayani: abokiyar aiki, abokiyar wasa, har ma abokiyar zama, wadda sakaya sunan kishiya ce. Ƙawa kuwa a al'adance tsakanin mace da mace take, kuma ƙawance yana da hakkoki, musamman gudummawar biki da ake ramawa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954, ta bayyana yadda mata ke ƙulla wannan dangantaka da musayar kyauta.

Aminiya ta ɗara ƙawa. Alal misali, a wuri kamar Rijiyar Zaki ta ƙasar Ungogo, wadda ƙauyen manoma ce kafin birnin Kano ya cim mata, matar kulle takan yi sana'a a cikin gida, yara su yi mata talla. Ƙawayenta na iya yin yawa, amma wadda za ta ba ajiyar kuɗin adashinta, ko ta faɗa wa damuwar aurenta, ba ta cika wuce ɗaya ba. Ita ce aminiya. Saboda haka, in ƙawa ta saɓa, akan ce an ɓata. In aminiya ta tona asiri, sai a ce ta ci amana, kuma Bahaushe ya ce kowa ya ci amana, amana za ta ci shi.

Har ila yau, kamfanin Media Trust ya raɗa wa jaridarsa ta Hausa wannan suna a 2006, yana neman amincewar mai karatu.

A taƙaice, kowace aminiya ƙawa ce, amma ba kowace ƙawa ce aminiya ba. Ya kamata masu fassara da marubuta su kiyaye wannan bambanci.