Amsoshin Wasiƙunku: Daga Ina Ruwan Duwatsun Azbin Yake Zuwa?

Wani mai sauraronmu da ke fataucin albasa tsakanin Agadas da Maraɗi ya aiko da wasiƙa yana tambaya, wai yaya ake samun hadari da tsawa a duwatsun Azbin alhali a tsakiyar hamada suke? Kuma me ya sa a 'yan shekarun nan ruwan ya zama na ɓarna?

To malam, mun gode da wannan tambaya. Ruwan da ke sauka a Azbin, da wanda ke sauka a gonarku ta gero a Maraɗi ko Katsina, duk uwarsu ɗaya, wato tekun da ke kudu da Ikko. Idan bazara ta yi, ƙasar Sahara takan ɗau zafi ƙwarai, iskar da ke kanta ta yi sama. Sai iska mai laima ta taso daga teku ta nufo arewa don ta cike gurbin. Ita ce iskar da manomi ke ji tana kaɗowa daga kudu maso yamma, ya ce damina ta kusa. Tana tafe tana zubar da ruwa a hanya, don haka kafin ta ci kilomita fiye da 1,000 ta isa Agadas, wajen watan Yuli ko Agusta, ta riga ta gaji, laimarta saura kaɗan. Shi ya sa ruwan shekara a garin Agadas bai cika wuce milimita 150 ba, alhali Maraɗi takan sami wajen 500.

A nan ne duwatsun suke yin nasu aiki. Garin Agadas yana bisa tudun da ya kai mita 500 daga teku, amma ƙololuwar dutsen Bagzan ta kai mita 2,022. Iska idan ta ci karo da dutse ba ta da hanya sai ta hau. Ga kuma rana ta gasa baƙin dutsen tun safe, yana tura iskar sama kamar murhu. Kowace mita 1,000 da ta hau, sanyi na ƙaruwa da wajen digiri 6, har laimar ta dunƙule ta zama girgije. Dalili ke nan da za ku ga gari garau da hantsi, amma da la'asar hadari ya haɗu baƙi ƙirin a kan duwatsu. Sau da yawa jar ƙura ce ke fara isowa, sannan walƙiya da tsawa. Wani lokaci ma ƙurar ce kawai rabonku, don ɗigon ruwan yakan ƙafe a sama bai taɓa ƙasa ba.

Yanzu ga inda abin ya shafe ku kai tsaye. Dutse ba ya shan ruwa. Abin da ya zubo cikin sa'a guda duk gangarowa yake yi cikin ƙoramun nan da mutanen wurin ke kira kori, waɗanda a yawancin shekara busasshen rairayi ne kawai. Korin Telwa, wanda ya bi ta gefen Agadas, yana daga cikin manyansu. Ruwan nan yana wucewa yana nutsewa cikin rairayi, kuma shi ne ke cika rijiyoyin lambunan Tabelot da Timiya da Iferwan. Albasar da kuke lodawa, da dankalin Turawa da tafarnuwa da lemon Timiya, ba ruwan sama ya rene su ba kai tsaye, ruwan kori ne da aka ɗebo daga rijiya. Idan kori bai gudana ba a damina, to ku sa ran rijiya za ta yi ƙasa da rani, albasa kuma ta yi tsada. Haka nan ciyawar da makiyaya ke bi zuwa Ingal a watan Satumba, da ƙarfin raƙuman da za su yi ayarin gishiri zuwa Bilma, duk sun rataya ne a kan 'yan kwanakin nan na ruwa.

Sai batun canji. Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da dabbobin Buzaye suka ƙare, mutane da dama suka gangaro kudu neman abinci. Daga shekarun 1990 ruwa ya fara dawowa, amma ba da halinsa na da ba. A 2017 wasu masana suka buga sakamakon bincike a mujallar Nature, bayan sun duba hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1982. Sun gano cewa manyan hadura masu tsanani a yankin Sahel sun ninka sau uku. Dalilin da suka bayar shi ne Sahara tana ƙara zafi fiye da ƙasashen da ke kudu da ita, wannan bambanci kuwa shi ke ƙara wa hadari ƙarfi. Wato dai ruwan da a da zai zo kashi-kashi, yanzu yakan zubo a dare ɗaya, sannan a yi kwana da kwanaki ba ɗigo.

An ga misalinsa a farkon Satumba na 2009, sa'ad da ruwan Telwa ya fasa madatsa ya shiga Agadas da dare, ya rushe dubban gidajen laka. A daminar 2024 kuma ambaliya ta kashe kusan mutum 400 a faɗin Nijar, ta shafi fiye da mutum miliyan 1 da rabi, har tsohon masallacin Damagaram ya faɗi. Irin wannan ruwa, a ganinmu, amfaninsa bai kai yawansa ba. Gudu yake yi da ƙarfi, ya cinye gaɓar kori, ya tafi da lambu da rijiya da injin ban-ruwa, ya bar mai lambu da rairayi.

Saboda haka, malam, idan kuna tafiya a watan Yuli zuwa Satumba, kada ku yarda direba ya tsaya kwana a cikin kori, komai laushin rairayinsa da inuwar bishiyoyinsa. Ruwan da zai tafi da mota ba lalle ya sauka a kanku ba. Yana iya sauka a dutse mai nisan kilomita 50, ku kuna ganin taurari, sai dai ku ji rugugi yana tafe. In kun tarar kori ya kawo, ku jira. Yawanci cikin 'yan sa'o'i yake janyewa, kuma ko bayan ya janye, a fara sa mutum ya taka da sanda a ji ƙarfin ƙasa kafin a shigar da mota mai kaya.