Alhassan Ɗantata: Yadda Ƙaramin Jari Ke Zama Babba

Kowace safiya, in kasuwar Kurmi ta birnin Kano ta fara ci, akan ga masu ciniki iri iri. Ga mai tebur yana sayar da ashana da sabulu, ga mai rumfa, ga mai kanti, ga kuma attajirin da ba ya taɓa kaya da hannunsa, sai dai ya aiki yaransa. Dukansu sana'arsu ɗaya ce, watau su sayi kaya su sayar, su sami riba. To, me ya sa wani yakan shekara talatin a kan tebur ɗaya, wani kuwa kafin shekara goma ya buɗe kanti? Arziki dai na Allah ne, amma kuma yana da hanyoyin da yakan bi. Labarin Alhaji Alhassan Ɗantata yana nuna waɗansu daga cikin hanyoyin nan.

An haifi Alhassan a garin Bebeji, cikin ƙasar Kano, a shekarar 1877. Iyayensa Agalawa ne, mutanen da suka shahara da fatauci tun kaka da kakanni. Yana ƙaramin yaro ubansa, Abdullahi, ya rasu. Uwarsa kuwa, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta tashi ta koma ƙasar Gwalkwas, wadda ake kira Gana tun daga 1957. Ta bar shi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata, ita ce ta rene shi. Dalilin da ya sa ake ce masa Ɗantata ke nan. Ya yi karatun allo a Bebeji, ya kuma saba da neman na kansa tun yana yaro, domin abin da ya gada wajen ubansa bai taka kara ya karya ba.

Bai daɗe da zama saurayi ba sai wata masifa ta auku. A 1893 yaƙin basasa ya tashi a Kano tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Yaƙin ya ci Bebeji, aka kama mutane da yawa, har da Alhassan. Da ƙyar ya sami fansar kansa. Watau mutumin da daga baya ya fi kowa dukiya a Kano ya fara ne da maraici da wahala.

A zamanin nan babban fataucin Hausawa shi ne na goro. Goro kuwa ba ya fitowa a ƙasar Hausa, sai a kurmin ƙasar Tonawa, can kudu da Gwanja. Fatake sukan taru su yi ayari, madugu yana shugabancinsu. Su ɗora wa jakuna kanwa da baƙaƙen tufafi na rini da jan fata, su nufi yamma, su ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, har su isa kasuwannin Gwanja. Can sai su sayar da kayansu, su sayi goro, su juyo gida. Tafiya da dawowa takan ci wata shida, wani lokaci har shekara guda. A hanya ga 'yan fashi, ga kuɗin fito a bakin kogi, ga gaisuwar da akan kai wa sarakunan garuruwa. Goro kuma ba ya son zafi. Dole a naɗe shi cikin ganye, a riƙa kwance huhu ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda ya ɓaci. In falke ya yi sakaci, rabin kayansa sai ya lalace kafin ya ga ganuwar Kano.

Alhassan ya bi ayarin nan, ya koyi ciniki a hanya da zango. Darasin farko da kowane falke kan koya shi ne bambancin jari da riba. Ga misali. A kuɗin da, kwabo 12 ne sule 1, sule 20 kuma fam 1. A ce samari biyu kowanne yana da sule 10, kowanne ya sayi goro ya sayar, ya ci ribar sule 2. Na farko ya kashe ribarsa wajen tsire da sabuwar hula, gobe ya koma kasuwa da sulensa 10. Na biyu ya kashe sule 1, ya mai da sule 1 cikin jari, ya koma kasuwa da sule 11. In suka yi ta yin haka, bayan juyi goma na farko yana nan da sule 10, na biyu kuwa ya haura fam guda, ribarsa kuma kullum ƙaruwa take yi, domin kayansa sun fi yawa. Da yayyafi kogi kan cika. An shaidi Alhassan da irin wannan tattali, har bayan da ya yi arziki bai zama mai almubazzaranci ba.

Amma tattali kaɗai ba ya mai da falke babban attajiri, gama fatake masu tattali suna da yawa a zamaninsa. Abin da ya fi da shi daban shi ne lura da hanya. A farkon ƙarni na 20 jiragen ruwa masu tafiya da tururi suna zirga-zirga a gaɓar teku tsakanin Gwalkwas da Ikko, an kuma shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Sekondi, a bakin teku, ta isa Kumasi a 1903. Alhassan ya duba ya ga goron da jaki zai yi watanni yana ɗauke da shi, jirgi zai kai shi Ikko cikin 'yan kwanaki, bai bushe ba, bai ruɓe ba. Saboda haka ya shiga cikin Hausawan farko da suka riƙa aika goro ta teku. Ribar wannan dabara biyu ce. Hasara ta ragu, sa'an nan kuɗinsa suna juyawa sau da yawa a shekara, alhali mai jaki sau ɗaya ko biyu yake juya nasa. Ya kuma riƙa sayen duwatsun wuya da yadin Turawa a bakin teku yana kai wa inda ake bukatarsu, don kada kuɗinsa su yi tafiya a banza.

Ana nan sai hanyar jirgin ƙasa daga Ikko ta iso Kano a 1911, aka fara jigilar kaya sosai a 1912. Turawa suna tsammani auduga ce za ta cika jirgin, don masaƙun Ingila suna bukatarta. Ashe ba haka abin zai zama ba. A lokacin nan masana'antun Turai suna neman man gyaɗa ido rufe, domin yin sabulu da wani irin man shafa wa burodi. Kuɗin gyaɗa ya yi kyau, manoman Kano suka lissafa suka ga ta fi musu auduga riba, ga shi kuma ko ba a saya ba ana iya cinta, harawarta kuma dabbobi su ci. Sai suka duƙufa kan nomanta. A 1912 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ba ta kai tan 3,000 ba, amma a 1913 ta wuce tan 19,000.

Alhassan ya ga kiɗa ya sake, ya san rawa ma dole ta sake. Ya tattara ya zauna a birnin Kano, ya shiga cinikin gyaɗa, bai kuwa saki na goro ba. A nan ya tarar da gasa mai zafi. Ga kamfanonin Turawa masu manyan kantuna kusa da tashar jirgi, ga 'yan kasuwa mutanen Sham, ga kuma attajiran Kano da suka riga shi suna, irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo. Kowa so yake gyaɗar manomi ta faɗo hannunsa.

Yaya ake cin irin wannan gasa? Kamfanonin Turawa suna da kuɗi, amma ba su san ƙauyuka ba, ba su kuma san wanda za a ba bashi ya biya ba. Fatake kuwa sun san ƙasa, sun san mutane. Don haka kamfani yakan ba babban ɗan kasuwa kuɗi tun kafin kaka, shi kuma ya rarraba wa yaransa, su bazu ƙauyuka da ma'auni da buhuna. Wani lokaci sukan ba manomi rance ko gishiri ko tufa tun da damina, bisa alkawarin in ya cire gyaɗa su zai sayar wa. In kaka ta yi, sai a ɗauro gyaɗa a kan jakuna da raƙuma a kawo Kano, a auna, a biya kowa ladansa. A 1918 Kamfanin Neja ya ɗauki Alhassan ya zama mai saya masa gyaɗa ta wannan hanya. Kamfanin nan ne aka haɗa da wani a 1929, ya zama U.A.C.

Duk wannan ciniki a kan abu ɗaya yake tsaye, shi ne amana. Kuɗi suna fita daga hannun kamfani zuwa hannun attajiri, daga nan zuwa hannun yaronsa, daga nan zuwa hannun manomi, galibi kuwa ba takarda, sai magana. In mutum ɗaya ya ci amana, igiyar ta tsinke. An yi masu tauye awo, an yi masu karɓar kuɗi su gudu, amma irinsu kaka ɗaya suke ci, baɗi ba mai kawo musu kaya, ba mai ba su jari. Wanda ya cika alkawari kuwa, baɗi akan ba shi fiye da na bana. Ta haka mai gaskiya yakan yi ciniki da kuɗin da suka fi nasa yawa nesa. Attajirin kirki kuma yakan riƙe yaransa da kyau, ya ba su masauki, ya yi musu aure, wanda ya ga ya ƙware ya ba shi jari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Alhassan yana zaune a Kano, amma yaransa suna saye da sayarwa da sunansa a garuruwa masu nisa.

Cikin 'yan shekaru ya shige gaban sauran attajiran birni. A 1929, da bankin Turawa na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano, Alhassan ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20. Wannan ma dabara ce, domin kuɗin da ke banki sun tsira daga ɓarawo da gobara, ana kuma iya biyan mutum a Ikko da takarda, ba sai an ɗauki buhunan sule ba. A shekarun da suka biyo baya ciniki ya faɗi a duniya duka, kuɗin gyaɗa ya karye, masu dogara da ita kaɗai suka sha wuya. Alhassan bai durƙushe ba, domin bai zuba jarinsa duka a wuri ɗaya ba. Yana cinikin goro, da shanu, da tufafi, da hatsi, in wannan ya yi ƙasa wancan ya tallafe shi.

Gyaɗa ta yi ta ƙaruwa har jirgin ƙasa ya kasa kwashe ta a kan kari. Sai aka riƙa jera buhuna a fili, ana ɗora wani bisa wani har su yi tsini kamar dutse. Wannan ita ce dalar gyaɗa, wadda guda ɗaya takan ci buhu kamar 15,000. Sunan Ɗantata ya haɗu da dalar nan a bakin mutane har yau. Ya rasu a Kano a watan Agusta na 1955, ana lissafa shi wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Kafin rasuwarsa ya yi wa 'ya'yansa wasiyya su haɗa kai, kada su wargaza cinikin gidan.

Dalar gyaɗa kuwa ba ta dawwama ba. Fari ya auka wa ƙasar Arewa a 1973, cuta ta kama gyaɗa a 1975, hankalin hukuma kuma ya koma kan man fetur. Filayen da dala take a da suka zama wayam. Amma gidan Ɗantata bai faɗi tare da ita ba, gama 'ya'yansa, irin su Alhaji Sanusi da Alhaji Aminu, sun bi halin ubansu, sun shiga sufuri da gine-gine da waɗansu sana'o'i. Alhaji Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a 1957, jikan Alhaji Sanusi ne ta wajen uwa. Ya fara da sayen kaya yana sayarwa, sa'an nan ya kafa masana'antun siminti da sukari, har ya gina matatar man fetur a jihar Legas, aka ƙaddamar da ita a 2023.

Ba kowane yaro ne zai zama Ɗantata ba, kuma shi kansa ya sami abin da wani bai samu ba, gama ya taso cikin dangin fatake, ya kuma yi zamani da zuwan jirgi. Amma jirgin nan kowa ya gan shi, kaɗan ne suka lissafa abin da zai kawo. Kayan ciniki suna sakewa, jiya goro, yau siminti, gobe wani abu dabam. Mai raba jari da riba, mai lura da sabuwar hanya, mai cika alkawari ko da ba shaida, shi ne wanda tebur ɗinsa kan zama kanti.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake kiran Alhassan da suna Ɗantata?
2. Waɗanne wahaloli fatake kan sha a hanyar Gwanja?
3. Faɗi riba biyu da Alhassan ya samu wajen aika goro ta teku.
4. Don me manoman Kano suka zaɓi gyaɗa a kan auduga?
5. Yaya amana take ƙara wa ɗan kasuwa jari?